Fatawa: Hukuncin Tafiya Cin Amarci a Dajin Malesiya

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan Sakkwato ne, a Mabera nake zaune. Nan da wata uku za a ɗaura mini auren fari in Allah ya yarda, kuma na yi tanadin ɗaukar amaryata mu je Malesiya: kwana uku a Kuala Lumpur, uku a dajin Taman Negara, biyar a tsibirin Langkawi. Baffana ya ce wannan abin da ake kira hanimun koyi da Nasara ne, bai halatta ba. Haka abin yake? In ya halatta, yaya za mu yi da salla, tsarki da abinci a can?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.

Tafiyar nan halal ce a asalinta. Al'ada ce, ba ibada ba, kuma al'ada tana nan a kan halacci har sai an kawo dalilin da ya hana ta. Hadisin da baffanka ya dogara da shi, na cewa wanda ya yi kama da wasu mutane yana cikinsu, Abu Dawud ne ya ruwaito shi, malamai kuwa sun ɗora shi a kan abin da ya keɓanci addinin waɗansu ko ya zama alamarsu. Miji ya yi tafiya da sabuwar matarsa bai keɓanci kowa ba. Buhari ya ruwaito daga Anas cewa a hanyar dawowa daga Haibara, shekara ta 7 bayan hijira, Annabi (SAW) ya tsaya kwana uku tsakanin Haibara da Madina ya tare da Nana Safiyya, aka yi walima a nan da dabino da cuku da man shanu. Nana A'isha ma ta ba da labarin tseren da suka yi da shi a cikin tafiya. Allah kuma ya ce a aya ta 20 cikin Suratul Ankabut a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ya fari halitta. Ɗan Sakkwato da ya saba da ruwan wata huɗu da ƙurar hunturu, in ya tsaya ƙarƙashin bishiyoyin ƙasar da ruwanta ke haura milimita 2,000 a shekara, ya samu abin lura.

Duk da haka kada ka yi wa baffanka gardama. Ka je ka durƙusa ka yi masa bayani, ka kuma nemi yardar mahaifanka, domin tafiyar da ba wajibi ba ce ba a yin ta a kan ɓacin ransu.

Abin da ke juya wannan halal ɗin ya koma makaruhi ko haram kuɗi ne. A biya sadaki tukuna, a yi walima, wadda a mazhabarmu ta Malikiyya mustahabbi ce bayan tarewa, a ajiye abincin gida da kuɗin haya. Wanda zai ci bashi mai ruwa don ya sayi tikiti ya faɗa haram tun bai taka filin jirgi ba. Wanda ake binsa bashin da lokacinsa ya yi, mai bashi na da ikon hana shi tafiya. In kuwa abin da ka tara ya isa kujerar Hajji kuma ba ka sauke farali ba, Hajji ne a gaba, don ɗaya daga cikin zantuka biyu na mazhaba shi ne wajibi ne nan take. Na ƙara wa masu karatu da ke da uwargida: haƙƙin budurwa kwana bakwai ne, bazawara uku, sannan a koma rabo. A tafiyar da ba Hajji ko yaƙi ba miji na zaɓar wadda zai tafi da ita, sai dai mai hankali ya san abin da zai tarar a gida idan ya kai ɗaya Malesiya ɗayar kuwa ko Argungu bai taɓa kai ta ba.

Sai salla, kuma a nan ne na fi jin tsoro a kanku, ba wajen koyi da Nasara ba.

Ƙasaru sunna ce mai ƙarfi a tafiyar da ta kai barid huɗu, wato mil 48, kimanin kilomita 80, kuma tana farawa idan an wuce gine-ginen gari. Akwai wani ƙulli a nan da ɗalibai za su tayar: Shehu Halil a Muhtasar ya cire mutum biyu daga wannan sunna, mai saɓo da tafiyarsa da mai wasa da ita, masu sharhi kuma suka ce ƙasarun mai wasa makaruhi ne, kamar wanda ya fita farauta don nishaɗi kawai. Shin ango da amarya masu wasa ne? Abin da nake gani, a'a. Sabon aure na buƙatar sabo da sakin jiki, wannan kuwa manufa ce da shari'a ta yarda da ita. Ku ƙulla wannan niyya ku yi ƙasaru. Ko da an ce wasa ne, wanda ya yi ƙasarun babu ramuwa a kansa.

Niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya tana yanke ƙasaru. Ba a ƙirga ranar shiga idan an shiga bayan alfijir, ba a ƙirga ranar fita. Don haka a Kuala Lumpur da Taman Negara raka'a biyu-biyu za ku yi a Azahar, La'asar da Isha'i. Langkawi kuwa daban: in kun sauka Litinin da rana za ku tashi Asabar, to Talata, Laraba, Alhamis da Juma'a kwana huɗu ne cif, sai ku cika salla tun daga isarku, kuma Juma'a ta hau kanka kai ango. Idan ka bi limamin gari a ko'ina, cikawa za ka yi tare da shi. Mutanen can Shafi'awa ne: za ka ji liman ya bayyana bisimilla, ya yi ƙunutin Asuba bayan ruku'u a bayyane, hannuwa a ɗage. Ka bi shi, sallarka ta inganta.

Kuskuren da Bahaushe ya fi saurin yi shi ne na alƙibla. A bakinmu gabas da alƙibla abu ɗaya ne, har mukan ce wane ba ya kallon gabas. A Malesiya Makka tana yamma, da ɗan karkata zuwa arewa, wajen digiri 292 daga Kuala Lumpur. Wanda ya tashi da asuba ya fuskanci mafitar rana ya juya wa Ka'aba baya. A ɗakunan otal za ka ga 'yar kibiya a jikin silin ko cikin durowa an rubuta Kiblat. Ƙaramin masallaci kuma surau suke ce masa, ana samunsa a filin jirgi, manyan kantuna da wuraren hutawa na kan hanya. A cikin daji sabis na ɗaukewa, rassa kuma na rufe rana, don haka ka riƙe ƙaramin kamfas na hannu, ka rubuta lokutan sallar kwanakin a takarda tun kana gari.

Agogonsu na gaban namu da awa bakwai. Daga Sakkwato sai kun bi ta Abuja, Kano ko Legas, ku canza jirgi a irin su Doha, daga can zuwa Kuala Lumpur fiye da awa bakwai a sama. Jirgin da ya nufi gabas taryen rana yake yi, sai dare ya gajarce, alfijir ya keto tun agogon hannunka na cewa tsakar dare. Hukunci na bin ranar da ke kanka, ba agogon gida ba. Ku shiga jirgi da alwala. Sallar da za a iya yi a ƙasa kafin tashi ko bayan sauka, a yi ta a ƙasa, ko da ta hanyar haɗa Azahar da La'asar ko Magariba da Isha'i. Asuba ba ta haɗuwa da komai: in an ba ka wuri ka tsaya ka fuskanci alƙibla, in ba a ba ka ba ka yi ta a kujera da nuni, kada ka bari rana ta fito.

Mashhurin mazhaba shi ne rangwamen haɗa salla na tafiyar tudu ne, ban da ta ruwa. Wannan ya shafe ku, domin masu zuwa Taman Negara da yawa kan shiga dogon kwale-kwale daga Kuala Tembeling zuwa Kuala Tahan, tafiyar awa biyu zuwa uku, a zaune cikin matsi babu wurin miƙewa. In rana ta yi zawali kafin ku shiga, ku sallaci Azahar a tasha, La'asar kuwa za ku riske ta a can.

A cikin dajin, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,000 a jihohin Pahang, Kelantan da Terengganu, abin da zai fara gaishe ku matsattsaku ne. Ba na ruwa kaɗai ba, akwai na tudu da ke tsaye a kan ganye yana jiran ƙafar mai wucewa. Cizonsa ba ya zafi, sai dai yawunsa na hana jini daskarewa, sai ka cire takalmi ka ga safa ta yi jawur, jinin na tsatsa har awanni. Wannan jini ba ya karya alwala a wurinmu. Najasa ce dai, an kuma yafe abin da bai kai dirhamin alfadari ba, wato baƙin zagayen nan da ke cikin ƙafar alfadari ta gaba. In ya wuce haka, a wanke, a danne da auduga, a manna filasta, a canza safa. Idan ya ƙi tsayawa kuma lokaci zai fita, a yi salla haka nan, ƙiyasi a kan marurun da ke zuba da kansa. Wajen cire shi, a zura farce ta ƙarƙashin bakinsa a ture. Zuba gishiri ko sa masa wuta kan sa ya amayar da abin cikinsa a raunin, ga shi an hana azabtar da mai rai da wuta.

Ana sayar da wata doguwar safar yadi da ake ɗaurewa ƙarƙashin gwiwa don kariya daga gare shi. Ku saya, amma ba a shafa a kanta wajen alwala, don a mazhabarmu shafa sai a kan huffin fata ko safar da aka lulluɓe samanta da ƙasanta da fata. A cire a wanke ƙafa. Taɓon ruwan sama da ya fantsama a tufafi an yafe shi muddin najasa ba ta rinjaye shi ba. Ruwan kogin da laka ta gurɓata mai tsarkakewa ne, tunda da ƙasar mazauninsa ya canza. Wani rafin za ku gan shi kamar ruwan shayi saboda ruɓaɓɓen ganye: malamai sun yi saɓani a kan ruwan da ganye ya canza, abin dogaro kuma shi ne ba ya cutarwa inda kiyaye shi ke da wuya. Da wannan yalwar ruwa, taimama ba ta da gurbi sai ga mai rauni ko rashin lafiya. Amarya ba sai ta tsefe kitso ba a wankan janaba, ta dai zuba ruwa ta cuɗa har ya kai fatar kai. Launin lalle ba ya tare ruwa, jan farce na tarewa.

Abinci da sauƙi. Ku nemi tambarin halal na JAKIM, hukumar kula da harkokin Musulunci ta ƙasar. Rubutun da ke cewa babu naman alade a wasu gidajen abinci ba shaidar halal ba ne, domin bai ce komai a kan yanka ko giyar girki ba. Kalmar babi na nufin alade. Dabbobin ruwa duka halal ne a wurinmu. Langkawi tsibiri ne da ba a biyan haraji a kan kaya da yawa, giya ta yi arha, don haka a cire ta daga firjin ɗaki, kada kuma a zauna a teburin da ake shanta. Bakin teku inda ake tsiraici ku kauce masa, ko ku fita da sassafe kafin a cika. Hijabin amarya yana nan yadda yake a gida, sai dai a zaɓi yadi marar nauyi, marar shara-shara idan ya jiƙe, a sa dogon wando a ciki saboda hawan gadar igiya da ke rataye tsakanin bishiyoyi. Ku riƙe takardar shaidar aure, domin dokokin jihohinsu na hukunta Musulmin da ya keɓe da wadda ba matarsa ba, kuma jami'an addini kan bincika. Hotunan amarya da na ɗakin kwana su tsaya a wayarku, ba a TikTok ba. Muslim ya ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan mai yaɗa sirrin shimfiɗarsa.

Riƙo da sababin lafiya wajibi ne a nan, tunda amanar 'yar mutane ka ɗauko. Bayan biza, Malesiya na neman katin rigakafin cutar shawara (yellow fever) daga wanda ya fito Nijeriya, katin kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar. Ba a yi wa mai ciki ita sai da larura, don haka amarya ta yi tata tun wata guda ko fiye kafin biki. Ku ga likita a kan maganin kariya daga zazzaɓin sauro, ku gaya masa sabon aure ne, saboda irin su doxycycline ba a ba mai ciki. Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, gidan sauro kaɗai bai isa ba, sai da man shafawa da doguwar riga. Kada a yi wanka a kogi da buɗaɗɗen rauni, musamman bayan ruwan sama, kada kuma a shiga daji ba tare da ɗan jagora mai rajista ba. Daga Nuwamba zuwa Maris damina ce mai ƙarfi a gabashin ƙasar, koguna na cika su yi ambaliya. Idan bikinku ya faɗo cikin waɗannan watanni, ko likita ya ce amarya ta samu juna biyu, to ku cire dajin daga tsarin tafiyar, ku tsaya a gari da tsibiri.

Wallahu a'alam.