Tambayoyin masu karatu: ziyarar Kasuga Taisha da bareyin Nara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatu a Kiyoto, kuma ina so in ware rana guda in ga Kasuga Taisha, wurin bautar Shinto (addinin gargajiya na Japan) da ke Nara. Yaya zan tsara tafiyar? — Wani ɗalibi

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka hau jirgin ƙasa na Kintetsu daga Kiyoto, tafiyar minti 35 zuwa 45 ce. Ka sauka a tashar Kintetsu Nara, domin ta fi tashar jirgin kamfanin JR kusa da dandalin shaƙatawa na Nara, inda wurin bautar yake kuma bareyi suke yawo. Daga nan kusan rabin awa ne a ƙafa, ƙarshen hanyar kuma tsakuwa ce da ɗan hawa, don haka ka sa takalmi mai faɗin ƙasa. Ka yi sammako, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su cika wurin.

Zuriyar Fujiwara, wani gida mai faɗa a ji a fadar sarkin Japan, ita ce ta kafa wurin a 768, lokacin Nara tana babban birnin Japan. Abin da zai fi ɗaukar hankalinka shi ne fitilu: kusan 2,000 na dutse a gefen hanya, wasu gansakuka ta rufe su, da kusan 1,000 na tagulla a rataye. Sau biyu a shekara ake kunna su duka, farkon Fabrairu da 14 da 15 ga Agusta. Harabar waje kyauta ce, ta ciki ana biya. A ganinmu ta cancanci kuɗin, ko don ɗaki mai duhu da ake barin fitilu a kunne kullum.

Tambaya: Ni Musulma ce. Dole ne in yi abin da masu bauta suke yi kafin a bar ni in shiga? — Wata mai karatu

Amsa: A'a, Hajiya, ba wanda zai tilasta miki. Ladabi kawai ake so. Idan kin wuce babbar ƙofar da ake kira torii, ki bi gefen hanya, saboda a aƙidarsu tsakiya ta abin bautarsu ce. A gaba akwai wurin tsarki, temizuya. Mai bauta yakan ɗebi ruwa sau ɗaya da ludayi a hannun dama, ya wanke hagu, ya sauya ya wanke dama, ya zuba a tafin hagu ya kurkure baki, sannan ya tsayar da ludayin ragowar ruwan ya wanke mariƙin. Ba a kai ludayi baki, ba a mayar da ruwa cikin kwamin. A gaban ɗakin bauta sukan rusuna sau biyu, su tafa sau biyu, su sake rusunawa. Wannan ibada ce, ki tsaya gefe ki ba su wuri. Ki rage murya, ki kuma duba alamar hana ɗaukar hoto kafin ki ɗaga waya.

Tambaya: Za mu je da yara biyu ƙanana. Bareyin nan suna da haɗari? — Wani magidanci

Amsa: Alhaji, namun daji ne duk da sun saba da mutane. Sun haura 1,000, doka tana kare su tun 1957, kuma mutanen wurin suna girmama su saboda labarin cewa abin bautar Kasuga ya iso ne a kan farar barewa.

Yawancin cizo da tunkuyi wajen ciyarwa ake samu. Biskit ɗinsu, shika senbei, na dusar shinkafa da fulawa ne, ƙulli ɗaya yen 200. Da zarar ka saya sun gani, za su kewaye ka, wata ta ja maka riga ta baya. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaga biskit sama ana jan rai don a sami hoto. Barewa ta gaji da jira sai ta kai cizo. Ka ba su da sauri, idan ya ƙare ka buɗe tafukanka biyu su gani, za su watse. Kada ka bar yaro ya riƙe ƙullin shi kaɗai, domin tsayinsa daidai kan dabbar yake, kuma idan ya ruga za su bi shi.

Ka lura da lokaci. Daga Satumba zuwa Nuwamba mazan suna barbara, suna da faɗa, shi ya sa ake yanke musu ƙaho a kaka. Daga Mayu zuwa Yuli kuma uwa takan harbi wanda ya kusanci ɗanta, kada yara su taɓa jariri komai kyansa.

Muna roƙonku ku kula da leda da takarda. Bareyin sukan fizge taswira ko jakar leda su haɗiye, kuma a 2019 an sami wadda ta mutu da sama da kilo 4 na leda a cikinta. Kwandon shara ba shi da yawa a dandalin, sai ku riƙe jaka mai zif, ku koma da shararku.