Fatawa: Neman masu zuba jari a manhajar koya wa matasa sarrafa kuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni da abokina mun haɗa wata manhaja ta waya da za ta riƙa koya wa matasa tanadi da kasafin kuɗi, yanzu muna shirin zuwa gaban masu kuɗi mu tallata musu ita. To a darussan akwai bayanin kuɗin ruwa na banki, kuma wani Alhaji ya ce zai sa jari amma sai mun lamunce masa uwar kuɗinsa ko an yi asara, sannan masu ba da bashi ta waya sun ce za su riƙa ba mu kwamisho kan duk wanda muka tura musu. Ya hukuncin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, asalin aikinku halal ne, in niyya ta gyaru ma akwai lada. A Suratun Nisa'i aya ta 5 da ta 6 Allah ya hana a damƙa wa wawa dukiya, ya ce a jarraba marayu sai an ga hankalin riƙon kuɗi a tare da su sannan a miƙa musu, kuma Tirmizi ya ruwaito Sayyidina Umar yana hana wanda bai san fiƙihu ba ciniki a kasuwa. Duk wanda ya ga yadda tsarin damfarar zuba jari na MMM ya kwashe mutane a 2016, irinsa na CBEX ya maimaita a 2025, ya san ana buƙatar ku.

Bayanin yadda ake lissafin ruwa ba laifi, matuƙar kuna faɗin haramcinsa kuna nuna mafita, ga bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, Jaiz tun 2012 da TAJ da Lotus, ga sukuk (takardun zuba jari marasa ruwa) da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017.

Amma kwamishon nan, a'a. Hadisin Jabir a Muslim ya la'anci mai cin riba (wato kuɗin ruwa) da mai ciyar da ita da marubucinta da shaidunta biyu, to ina ga wanda ya kamo hannun yaro ya kai shi ƙofa kuma aka biya shi ladan kaiwa? Wallahi abin mamaki ne ka koya wa mutum tanadi da safe da yamma ka tura shi inda za a tatse shi, in ya makara a bi lambobin wayarsa ana kunyata shi.

Sharaɗin Alhaji ma ɓatacce ne. A ƙiradi, wato wani ya ba da jari wani ya juya shi su raba riba, asarar kuɗi tana kan mai kuɗi, kai wahalarka ce ta tafi, ba ka biya sai in ka yi sakaci ko ha'inci. In aka lamunce uwar kuɗi kuma aka ɗora riba a kai to ya koma bashi mai jawo amfani, ribar da aka haramta kenan ko me aka kira ta. Ku sayar masa da kaso sananne na kamfanin, kamar 10 cikin 100, a rubuta da shaidu, riba da asara kowa ya ɗauki gwargwadon nasa. In ya ƙi ku haƙura da kuɗinsa.

Abin da ba ka tambaya ba: ranar tallar kar ku kumbura adadin masu amfani da manhajar, hasashe ku ce hasashe ne, don Annabi (SAW) da ya sa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa cewa ya yi wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Wallahu a'alam.