Abin da ya sa goshin jirginmu ba ya ɗagawa

Ɗana, tambayarka ita ce me ya sa jiragen masuntan Legas da kake gani a waya goshinsu ya ɗaga sama, namu na nan Guri kuwa a shimfiɗe, ko rashin iyawa ne. Ajiye zarton tukuna, ka ji.

Ina yaro, duk hutu ana ɗora ni a jirgin ƙasa daga Kano zuwa wajen kawuna da ke sayar da goro a Agege. 'Ya'yan maƙwabta ne suka fara kai ni Tarkwa, wani bakin teku da ba a isa sai ta jirgin ruwa, kusa da mashigar tashar jiragen Ikko, inda Turawa suka jibge duwatsu don tare yashi. A can na ga yara suna hawa igiyar ruwa a kan allo. Masu hali suna da na kanti, mu kuwa guntun katako muke samu, mu kwanta a kai rub da ciki, mu yi ta fafara ruwa da hannu har igiyar ta zo ta ɗauke mu. Wallahi daɗin nan har yau ban sami irinsa ba. Gishiri a ido, yashi a wando, da yamma kawu ya yi ta faɗa, gobe kuma mu koma.

To, abin da katakon nan ya koya min shi ne amsarka. In ka matsa gaba, bakinsa ya nutse, igiyar ta juya ka ta nana da ƙasa. In ka ja baya kaɗan bakin ya ɗaga, sai ka sulale har gaɓa. Masuncin teku kullum sai ya keta wannan igiya da safe kafin ya fita, ya kuma hau bayanta da yamma ya dawo. Dole goshinsa ya ɗaga. Wasu manyan jiragensu ma ƙasansu gungume guda ne aka fafe, na itacen obece marar nauyi, sannan a ƙara katako a gefe.

Mu fa ina igiyar? Ruwan Haɗeja kwance yake. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya, ciyawar kacala ta cinye hanyoyin ruwa da yawa. Wani wurin ruwan bai kai gwiwa ba. Mutumin da zai ɗauko buhunan shinkafa daga fadama yana tura jirgi da sanda, ba abin da yake so sai ƙasa mai faɗi da za ta ratsa ciyawa ba ta kafe a taɓo ba. Ka ɗaga masa goshi, ka ƙara masa nauyi da kuɗin katako a banza, iska kuma ta riƙa karkatar da shi.

Sai dai kar ka ce a miƙe sak za ka yanka. Ɗan tashi kaɗan ake ba shi a gaba, kamar faɗin tafin hannu, don ya hau kan ciyawa maimakon ya tunkuye ta. Wancan da ka haɗa jiya ya yi kwanciya da yawa. Cire ƙusoshin gaban, ka sa itace a ƙarƙashi ka ɗaga shi, sannan ka kira ni in duba kafin ka cusa auduga ka shafa kwalta.