Ka bar gatarin nan biyu tukuna, ƙanena

Wa alaikumus salam ƙanena. Tun jiya na ga tambayarka, na ɗan dakata ko wani zai riga ni, sai na tarar duk barkwanci aka yi maka, wai Bahaushe ba shi da haɗi da ƙanƙara sai a cikin kofin zoɓo. To ga tawa amsar, tana da tsawo, ka yi haƙuri.

Ka ce ka zo Gilasgo ta Sikotilan karatu, tun kana sakandare kake hawan duwatsun Shere a Jos, yanzu kuma ka ga bidiyon masu hawa ruwan da ya daskare da gatari a kowane hannu, abin ya shiga ranka. Kana da fam 600, ka ga gatari biyu na gwanjo a intanet, kana tambaya ko ka saya, da kuma abin da za ka haɗa da su.

Kada ka saya. A hunturun bana babu inda za ka je da za ka buƙace su, in kuwa ka je inda ake buƙatarsu to ka je inda bai kamace ka ba. Sayen su yanzu tamkar sayen sirdi ne ba ka da doki. Gatarin ƙanƙara iri biyu ne. Wanda ka gani, mai lanƙwasasshiyar ƙota da baki mai haƙora, na maƙalewa ne a jikin bangon ƙanƙara da ya miƙe tsaye. Akwai kuma miƙaƙƙe mai tsawon santimita 50 zuwa 60, wanda ake riƙe guda ɗaya, a dogara shi a gangare, a sassare wurin taka ƙafa da shi, in mutum ya zame kuma ya kafa bakinsa a ƙasa ya danne da ƙirji har ya tsaya. Shi ne na mai farawa, kuma wannan tsayar da kai ya fi wuya da mai lanƙwasar. Hanyoyin hunturu a nan an jera su mataki-mataki da lambobin Romawa. Na I da galibin na II da gatari ɗaya ake yin su. Hanyar Point Five Gully da ke arewacin dutsen Ben Nevis, wanda aka fara hawa a 1959 kuma ya cika bidiyoyin da kake kallo, mataki na V ne. Tsakaninka da shi akwai hunturu da dama.

Na san abin da ke ba ka ƙwarin gwiwa. Shere ta haura mita 1,800, Ben Nevis kuwa, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Burtaniya, mita 1,345 ne kacal. A takarda ka riga ka wuce shi. Amma a Jos daga kan tudu kake farawa, a Fort William kuwa, garin da ke gindin Ben Nevis, daga bakin teku, don haka kusan duk mitocin nan da ƙafarka za ka ci su. Sanyin ma ba ɗaya ba ne. Na Jos busasshe ne, da rana ta ɗaga ya saki. Na nan jiƙaƙƙe ne: ka bar mota ana yayyafi, a tsakiyar hanya ya koma dusar ƙanƙara, a sama rigar da ta jiƙe ta sandare a jikinka. Ga iska. A ƙololuwar dutsen Cairn Gorm an taɓa auna iska mai gudun mil 173 a awa, a watan Maris na 1986. Ba sai ta kai ko rabin haka ba take kayar da ƙato. A Disamba hasken rana wajen awa bakwai ne kacal. Sannan akwai ranar da hazo da dusar ƙanƙara ke haɗewa su zama fari fat, ba ka bambance ƙasa da sama, ba ka sanin ko hawa kake ko gangara. Irin wannan yanayin ne ya ci ran ɗalibai biyar da wata mai taimaka wa jagorarsu a saman Cairngorm a Nuwamban 1971, kuma tafiya kawai suke yi, ba bango suke hawa ba.

Kuɗinka ya fara zuwa ƙafa. Takalman dutse an kasa su B0 zuwa B3 bisa taurin tafinsu, ƙarafan nan masu haƙora da ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi, kirampon, su kuma C1 zuwa C3. Ƙa'idar ita ce lambar takalmi ta kai ta ƙarfen ko ta fi ta. In ka ɗaura ƙarfe mai tauri a takalmi mai lanƙwasa, zai kwance maka a wurin da ba ka da halin sunkuyawa ka gyara. Ka nemi B2 da C2 mai haƙora 12, su za su kai ka shekaru, daga tafiya zalla har matakan farko na hawa. B3 sai ranar da ka fara ƙanƙara tsayayya, kuma tafiya mai nisa a cikinsa azaba ce. Takalmi dai kada ka saye shi a intanet ba ka gwada ba. Ka je shago da yamma, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura, ka sa safar da za ka hau da ita, ka ɗaure, ka doki ƙasa da kan takalmin. In yatsunka sun taɓa gaba, ka ƙara lamba. Wanda ya matse yana hana jini gudu, nan sanyi ke fara cin yatsu. Scarpa da La Sportiva su aka fi gani a nan, amma da yawa daga cikinmu ƙafarmu na da faɗi, saboda haka ka bi wanda ya zauna maka, ka manta da suna. In za ka sayi kirampon ka tafi da takalmin a gwada a kansa, ka kuma tabbatar yana da robar nan ta ƙasa mai hana dusar ƙanƙara dunƙulewa tsakanin haƙoran.

Tufafi kam gwanjo halal ne, ni ma yawancin nawa na hannu ne. Abu ɗaya: auduga ba ta hawa dutse. Singileti da wandon jins suna shan gumi su riƙe shi, da ka tsaya sai su zuƙe ɗumin jikinka. Ta ciki ta zama ta ulu ko ta roba, a kanta mai ɗan kauri, a waje riga da wando masu hana ruwa da iska, rigar da hula mai faɗin da za ta rufe hular kwano. A jaka ka ajiye babbar riga mai ɗumi wadda kake zurawa a kan komai duk lokacin da aka tsaya. Mai gashin agwagwa ta fi ɗumi da rashin nauyi, amma da ta jiƙe ta tashi aiki, shi ya sa a Sikotilan na fi son mai cikin roba. Ka bar mota kana ɗan jin sanyi. Sababbin zuwa sukan jibga komai tun daga ƙasa, kafin rabin awa sun jiƙe sharkaf da gumi.

Safar hannu kuwa ba a zuwa da ɗaya. Ni nakan ɗauki siririya ta tafiya, mai kauri ta sama, da wata a leda wadda ba na taɓawa sai ta ɓaci. Akwai wani ciwo da duk mai wannan harka ya sani, lokacin da jini ya dawo cikin yatsun da suka yi sanyi. Minti kaɗan ne, amma na ga manyan mutane sun durƙusa suna yunƙurin amai. Wannan ba abin tsoro ba ne, alama ce jini na gudu. Abin tsoro shi ne yatsan da ya daina ciwo gaba ɗaya. A nan akwai abin da ya shafe mu musamman: hotunan da ake koyarwa da su galibi na farar fata ne, ana cewa ka duba ko wurin ya yi fari ko ja. A fatarmu launin ba ya nunawa da wuri, sai dai ya yi toka-toka. Ka dogara da taɓawa. In kan hanci ko kunne ko yatsa ya mutu, ya yi tauri, ka ɗumama shi da jikinka, a hammata misali, kada ka murza shi, ka kuma faɗa wa abokin tafiyarka nan take.

Abin da ba a saya a gwanjo shi ne duk abin da ranka zai rataya a kansa kuma na zare ne ko roba: igiya, ɗamarar ƙugu, madaurai, hular kwano. Ba ka san faɗuwa nawa suka tare ba, ba ka san ko sun kwana kusa da batirin mota ba, ido kuma ba ya ganin irin wannan lalacewar. Masu ƙera su ma galibi shekara 10 suke ba su ko da ba a taɓa amfani da su ba. Ƙarfe, wato gatari da kirampon, ana iya sayen na hannu in wanda ya sani ya duba maka tsagewa. Ka nemi tambarin inganci na CE ko UIAA, ka guji masu arhar banza da ba a san maƙerinsu ba. Araha ba ta ado, a nan kuwa ba ado kaɗai take hanawa ba. Amma duk wannan na gaba ne, bana ba ka buƙatar igiya.

Ragowar kuɗin ka kai shi wurin koyo, nan ne na fi so ka saurare ni. Ka shiga ƙungiyar masu hawan dutse ta jami'arku. Irin waɗannan ƙungiyoyin sukan ba da aron gatari da kirampon da hular kwano, suna haɗa mota, ka ga ka samu kaya da abokan tafiya a lokaci guda. Sannan ka yi kwas na kwana biyu kan dabarun hunturu, ko a Glenmore Lodge kusa da Aviemore, wadda ita ce cibiyar horaswa ta ƙasa, ko ta hanyar ƙungiyar Mountaineering Scotland, ko wurin wani jagora mai takardar shaida. Za su sa ka yi ta jefa kanka a gangare, ta ciki, ta baya, kai a ƙasa, har tsayar da kai ya zama jiki ne ke yi ba tunani ba. Za su koya maka tafiya da kirampon ƙafa a buɗe, domin yawancin faɗuwar sabon shiga haƙorin ne ke kama ƙafar wandonsa.

Za kuma su buɗe maka ido kan zaftarewar dusar ƙanƙara. Ta fi faruwa a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 zuwa 45, musamman ɓangaren da iska ta kwaso dusar ta jibge. Iskar nan takan gina wani leɓe a bakin rami, ya zarce dutsen da mitoci, kana tsaye a kansa kana zaton ƙasa ce alhali ba komai a ƙarƙashinka. Hukumar SAIS tana fitar da hasashen zaftarewa kullum a lokacin hunturu, MWIS kuma na yanayin tsaunuka. Ka fara karanta su tun yanzu ko ba ka zuwa ko'ina, kana kwatanta na jiya da na yau. Taswirar takarda da kamfas dole ne, sanyi yana shanye batirin waya cikin ɗan lokaci. A saman Ben Nevis, in gari ya rufe, sai ka bi kamfas a digiri 231 na tsawon mita 150, kana ƙirga taku, sannan ka juya 282. Ka karkace dama ka nufi ramukan arewa, ka karkace hagu ka faɗa ramin Five Finger Gully. Gatari biyu ba su da abin da za su yi maka a wurin.

Shi ainihin daskararren ruwan da ka gani a bidiyo, a nan ba shi da tabbas, wata shekarar ya zo wata ya narke kafin ƙarshen mako. Masu sonsa da gaske Rjukan suke zuwa a Norwe. Kafin lokacin ka riƙa zuwa bangon hawa na cikin gida, akwai su a Gilasgo, ka koyi ɗaurin igiya da tare abokinka in ya faɗo.

Maganar ibada, tunda ba wanda zai faɗa maka a kwas. A Disamba magariba tana faɗawa kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar duk a kan dutse za su same ka. Ni nakan yi alwala a ƙasa kafin in sa takalmi. Hukuncin shafa a kan huffi da haɗa salla ga matafiyi ka zauna da malaminka ku warware shi tun a gida, kada sai kana cikin iska ka fara tunanin cire safa. Azumi kuma a shekarun nan yana faɗowa Fabrairu da Maris, daidai lokacin da ƙanƙara ta fi kyau. Ni ba na hawa da azumi a bakina. Jikin da ba abinci ba ruwa shi sanyi ke fara kamawa, kuma hankali ke fara dushewa kafin ƙafa. Ranar da ba azumi, dabino da gyaɗa da kilishi a aljihun ciki, shayi mai siga a filas.

Wani ya ce maka ka bar wahalar nan ka tara kuɗin Kilimanjaro. Wannan wata harka ce daban, can tsayi ne abokin gaba, mita 5,895, kuma ciwon rashin iska yana iya farawa daga wajen mita 2,500. In ranka ya kai can, ko Dutsen Kamaru, ka fara sanin nau'in jininka, wato ko AA ne, AS ko SS. Mai sikila bai kamata ya je ba sai da izinin likita, mai AS ma, wanda lafiyarsa ƙalau a ƙasa, tsayi na iya taɓa masa saifa. A cikinmu masu AS suna da yawa, wasu ba su ma sani ba.

In ka samu takalmin, ka fara fasa shi a Ben Lomond, mita 974, ba shi da nisa da ku, a ranar da hasashe ya yi kyau kuma dusar ƙanƙara ba ta sauka ba. Ka tafi da wani, ka ɗauki tocilan goshi, ka bar wa abokin ɗakinka sunan hanyar da lokacin dawowarka. In wani abu ya faru, 999 za ka kira, ka nemi 'yan sanda, ka ce masu ceto na dutse kake so. Ina da miƙaƙƙen gatari da ba na amfani da shi, ka yi min magana ta gefe bayan ka gama kwas ɗin in ba ka aro.