Tambaya da Amsa: Wai Sakkwatawa ba sa son baƙo ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Ni Bakano ne, haifaffen Gwammaja. An yi mini canjin wurin aiki zuwa Sakkwato, yau wata bakwai ke nan, na kama haya a Mabera. Mutanen garin nan ne suka ɗaure mini kai. Ka yi wa mutum sallama, ya amsa, daga nan ya ja bakinsa ya tsuke. Akwai wata majalisa a ƙofar gidan da ke kallon nawa. Ranar da na je na zauna, hira ta mutu murus, wannan ya koma jan carbi, wancan ya kama danna waya. A Kano mako guda ya ishi baƙo ya zama ɗan unguwa. Ina so in ɗauko iyalina, amma ta ce kaɗaici zai kashe ta. Don Allah girman kai ne ko ƙin baƙo? — Wani Bakano, Mabera, Sakkwato

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka kawo ƙarar Sakkwatawa gaban Basakkwace, to amma kada ka ji tsoro, na ci gishirin Kano shekara tara, ba zan yi maka rashin adalci ba.

Ina saurayi kawuna ya fara aikena Kantin Kwari sayen atamfa. Ban daɗe da shiga layi ba wani mai shago ya riƙo hannuna: "Alhaji, shigo mana! Kai, mutumina, kwana biyu!" Ni kuwa ko hanyar Makka ban sani ba, shi ma bai taɓa ganina ba. Ya ba ni kujera, ya aika aka kawo ruwan sanyi, ya tambayi mutan gida kamar ya san su ɗaya bayan ɗaya. Na koma masauki ina cewa a raina na yi babban aboki. Kashegari na bi ta ƙofar shagon na ɗaga masa hannu, ya dube ni ya ce, "Alhaji, shigo mana, me za a ba ka?" Ashe ya manta da ni sarai. Na ji haushi ƙwarai, na ce Kanawa fuska biyu gare su. Sai da na zauna cikinsu na gane kuskurena. Mutumin bai yaudare ni ba. Haka garinsu ya koya masa karɓar mutum, kuma da irin wannan sakin fuskar ne maƙwabcina a Fagge ya jawo ni majalisarsu tun ban kwana uku a unguwar ba, daga baya har ya ara mini jari ba takarda ba shaida.

Kano gari ne da kasuwa ta raina. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ake cin kasuwar Kurmi. Dubi sunayen unguwanninku ma: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi, Dandalin Turawa inda Larabawa suka zauna. Duk baƙi ne suka sauke kaya suka zama 'yan gari. A wurin da fatake ke shigowa kullum, baƙo arziki ne, wanda ya riga sakar masa fuska shi zai sauke shi, shi zai ci la'ada. Shekaru ɗaruruwa ana haka, dole abin ya shiga jini.

Sakkwato kuwa ba ciniki ya kafa ta ba. Muhammadu Bello ne ya gina ta a 1809, bayan jihadin da aka fara a 1804, ta zama mazaunin Shehu Usmanu da jama'arsa, a nan kuma ya rasu a 1817, ga Hubbare nan kowa na gani. Cikin gari ya tashi ne a kewayen gidajen malamai da masu sarauta, shi ya sa za ka ji unguwa kamar Giɗaɗawa, wato zuriyar Waziri Giɗaɗo. A irin wannan gari, abin da ake fara son sani game da mutum shi ne gidan da ya fito da wanda ya san shi. Ka haɗa wannan da kunya da kara irin ta Fulani da ta cuɗu da tarbiyyar zaure, inda yawan surutu a gaban wanda ba a sani ba ake ɗaukarsa rashin kamun kai. Shirun da aka yi maka a majalisa, ina kyautata zaton ba korarka aka yi ba. Ana jira ne a ji ko kai wane ne, kai kuma kana jira a ja ka da hira. Kowa ya zauna yana jiran ɗan'uwansa.

Ban wanke mu tas ba. Muna da ji da asali, wani lokaci har ya wuce kima. Akwai wanda zai shekara ashirin a garin nan, ya yi aure ya aurar, a ce za a ba shi wani abu na unguwa, wani ya ɗaga murya ya ce, "Ai wanga baƙo na." Wannan aibi ne, na sha faɗa a gaban manyanmu, wasu suka ji daɗi wasu suka ɓata rai. Amma ji da asali daban, ƙin baƙo daban. Garin da ɗalibai ke kwararowa daga ko'ina zuwa jami'arsa da aka kafa a 1975, garin da mutanen Ƙonni ke shigowa ta Illela safe da yamma kamar gidansu, ba za a ce bai san baƙo ba.

Yanzu bari in zo kanka, don ina zargin kai ma da naka. Yaya kake gaisuwa? Na san gaisuwar 'yan birnin Kano na yanzu: mutum yana kan babur, ya ɗan rage gudu, "Sannunku!" ya wuce. A nan wannan ba ta shiga lissafi. Dattijon Mabera yana so ka tsaya, ka kashe mashin, ka sauko, ka rage tsawo, ka miƙa hannu biyu. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya zafi, ya aiki. Zai ce maka "Lahiya lau," ya sake maido maka da tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, kai ma ka amsa ba tare da kana duban agogo ba. In ya ce, "Ina ka hito?" kada ka ce Kano kawai ka yi shiru. Faɗi unguwarku, faɗi sana'ar mahaifinka, faɗi malamin da ka yi karatun allo a wurinsa. Cikin mutum goma da ke zaune, da wuya a rasa wanda ya taɓa sauka Gwammaja ko yake da ɗan'uwa a kasuwar Singa. Da zarar an sami igiyar da za a ɗaura ka da ita, an gama.

Sai lokaci. In watan Afrilu ya kama, zafin garin nan yana haura digiri 40. Daga azahar zuwa la'asar ba mai neman hira, kowa ta kansa yake yi, ko ɗan kabu-kabu inuwa yake nema. Wanda ka tare da rana tsaka ka ga ya haɗe fuska, da rana yake faɗa, ba da kai ba. Hirar Sakkwato bayan isha'i take, in iska ta fara kaɗawa an baza tabarmi a waje.

Abu na uku, kuma ka riƙe shi da kyau: kada ka kuskura ka yi dariyar harshenmu. Na san a Kano in ana son a ba mutane dariya sai a kwaikwayi Basakkwace, a ce "awo", a ce "mi kake so", a ce "shina nan". Mu ma muna jin ku kuna "naƙi wayon" da "yane", muna yin shiru. Kai da Bazazzagi kuna da wasa tun kakanni, kamar yadda Bagobiri yake da Bayarabe, Bafulatani da Babarbare. Ku zagi juna a yi dariya a tashi. Kai da wanda ka tarar a Mabera ba ku kai nan ba tukuna. Ka maimaita maganarsa kana murmushi sau ɗaya, ba zai ce maka komai ba, amma ka rufe wa kanka ƙofa.

Abin da zan ba ka shawara ka yi mai sauƙi ne. Ka lizimci masallacin unguwa, musamman asuba, ka tsaya a sahu ɗaya har a san fuskarka. In an yi rasuwa, ko ba ka san mamacin ba, ka bi gawa har maƙabarta, ka dawo ka zauna zaman makoki. A nan ake auna mutum a garin nan, ba a teburin mai shayi ba. Ni na ga wani ma'aikaci ɗan Bauci da ya yi shekara guda a layinmu ba a san sunansa ba, ana ce masa "mai jar mota". Ranar da wani tsoho ya rasu da dare, shi ya ɗauki matasa a motar tasa aka je aka sayo likkafani. Tun daga ranar ba a sake yin suna ko ɗaurin aure ba a kai masa goro ba, da matarsa ta haihu kuwa, kwana bakwai ba a ɗora tukunya a gidansa ba.

Iyalinka kuma ɗauko ta. Sha'anin mata ya fi namu sauri. Ranar da ta sauka ta dafa wani abu ta aika maƙwabta, ta shiga gida-gida ta gaida tsofaffi. Kafin wata ya zagayo, kai ne za ka riƙa tambaya ina ta shiga.

TAMBAYA: Baba, ni 'yar Tambuwal ce, aure ya kai ni Abuja. Shekara biyu ke nan ban san sunan matar da muke katanga ɗaya da ita ba. Su mutanen nan ba su san haƙƙin maƙwabtaka ba ne? — Wata baiwar Allah, Abuja

AMSA: Ɗiyata, a Abuja wa zai karɓi wa? Sai a 1991 gwamnati ta tare a can, kusan duk wanda kika gani a waɗannan rukunin gidaje shi ma zuwa ya yi, zuciyarsa na garinsu, da an ba da hutun salla ya kulle gida ya kama hanya. An fita tun duku-duku, an dawo bayan magariba, ga get ga maigadi. Wataƙila ita ma maƙwabciyar taki tana can tana cewa ke ce mai girman kai. Ki dama hura mai kyau irin ta gida, ki zuba a kwano mai murfi, ki kai mata da kanki, kada ki aiki yaro. Ki bar mata kwanon. In ta dawo da shi, ki rubuto ki gaya mini abin da ta sako a ciki.