Shin Fim ɗin The Dark Knight Ya Cancanci Yabon da Ake Yi Masa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Abokaina sun dame ni da zancen fim ɗin The Dark Knight, wai a duk finafinan jarumai masu rufe fuska babu na biyunsa. Na zauna na kalle shi har ƙarshe. Bos ɗin ya burge ni ƙwarai, amma na tashi zuciyata a cunkushe, kuma akwai wuraren da ban gane yadda labarin ya kai can ba. Ni ne ban iya kallo ba, ko fim ɗin ne yake da nasa cikas?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka iya kallo, domin ka ga ainihin abubuwa biyun da suka dace a gani. Wanda bai kalli fim ɗin ba ya sani zan taɓo yadda ya ƙare.

Christopher Nolan ne ya ba da umarnin fim ɗin, ya fito a watan Yulin 2008, an kashe masa kimanin dala miliyan 185, ya kuma tara sama da dala biliyan ɗaya a gidajen sinima. Abin da ya bambanta shi da takwarorinsa shi ne Nolan bai ɗauke shi a matsayin tatsuniyar yara ba. Ya gina shi kamar fim ɗin 'yan sanda da 'yan fashi, ya ɗauki birnin Chicago da titunansa na gaske ya kira shi Gotham. Babbar motar nan da ta yi adungure a tsakiyar titi, da gaske aka kifar da ita a titin LaSalle, ba aikin kwamfuta ba ne. Asibitin da ya tarwatse kuwa tsohuwar masana'antar alewa ce aka tashe ta da nakiya. Wasu sassan an ɗauke su da kyamarar IMAX, wadda ake ɗaukar hoto da ita don manya-manyan allunan sinima, abin da ba a saba yi wa irin waɗannan finafinai ba a lokacin. Shi ya sa idan abu ya faɗi a fim ɗin sai ka ji nauyinsa a jikinka.

Amma ƙashin bayan fim ɗin shi ne Joker, kamar yadda Heath Ledger ya fito da shi. Bos ɗin da muka saba gani yana da buƙata: kuɗi, ko mulki, ko ramuwar gayya. Da zarar ka san buƙatar mutum, ka san ta inda za ka kama shi. Wannan kuwa ya tara tulin kuɗi ya banka masa wuta. Sau biyu yana ba da labarin yadda ya samu tabon bakinsa, kuma labaran biyu sun saɓa wa juna, don kada ka samu inda za ka tsaya ka ce ga dalilin haukarsa. Abin da yake so shi ne ya nuna cewa kirkin mutane na fatar baki ne, da an matsa musu za su cinye junansu. Duba zaman da aka yi a ɗakin tambayoyi na 'yan sanda: Batman yana jibgarsa, shi kuwa yana dariya, saboda ƙarfin damtse ba shi da amfani a kan wanda ba ya tsoron komai. A ganina babu wani minti biyar a fim ɗin da ya kai wannan. Ledger ya rasu a Janairun 2008 yana da shekara 28, kafin fim ɗin ya fito, aka ba shi kyautar Oscar bayan ransa. Akwai masu cewa tausayi ne ya sa aka ba shi. Ban yarda ba. Wasan ya tsaya da ƙafafunsa.

Nauyin zuciyar da ka ji, da gangan aka ɗora maka shi. Fim ɗin ya fito ne Amurka tana cikin muhawara kan abin da ya halatta a yi da sunan yaƙi da ta'addanci bayan harin 11 ga Satumban 2001. Shi ya sa za ka ga Batman ya je Hong Kong ya sato mutum ba da izinin kowa ba, ya kuma mayar da wayoyin mutanen gari kaf na'urar leƙen asiri, har amininsa Lucius Fox ya ce ba zai ci gaba da aiki ba muddin na'urar tana nan. Tambayar tana da nauyi: idan mai tsaron doka ya taka doka don ya kama mugu, wa ya yi nasara?

To, sai mu zo kan cikas, kuma a nan ne abokanka ba za su ji daɗina ba. Fim ɗin da ya ce a ɗauke shi da gaske, dole a auna shi da ma'aunin gaske. Joker yana cewa shi ba mai tsara komai ba ne, amma dabarunsa sai wanda ya san gaibu. Ya bari a kama shi da gangan, ya riga ya dasa bam a cikin tumbin wani da za a tsare a wuri ɗaya da shi, ya san za a bar shi da ɗan sanda guda wanda zai iya tunzurawa. Yaushe ya cika asibiti da jiragen fito biyu da nakiya ba wanda ya gani? Ba a faɗa ba. Haka a wajen liyafar nan da Joker ya kutsa, Batman ya diro ta taga don ceton Rachel, matar da yake so, aka bar Joker da baƙi a sama, sai kawai aka yanke zuwa wani wuri. Saurin fim ɗin ne yake rufe waɗannan ramuka, wanda ya lura kuma sai ya ji kamar an tsallake shafi.

Wanda ya fi damuna shi ne Harvey Dent. An shafe fiye da rabin fim ana gina shi a matsayin mai gabatar da ƙara mai gaskiya, wanda gari ya ɗora wa fata. An ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma mai kallo yana da haƙƙin ya ga abin da ya kai mutum bakin rijiyar. Rasuwar Rachel, wadda shi ma yake so, da ƙonewar rabin fuskarsa babban rashi ne, sai dai hira ɗaya da Joker a gadon asibiti ta yi kaɗan ta mayar da irin wannan mutum mai ɗora bindiga a kan yaro ƙarami. Labarinsa ya isa fim guda, aka cusa shi a ƙarshen fim mai tsawon minti 152 wanda ya riga ya cika. Ita ma Rachel ba a yi mata adalci ba: lauya ce mai hankali, amma aikinta a labarin bai wuce ta mutu don maza biyu su shiga ƙunci ba.

Shi kansa Batman ya zama baƙo a gidansa. Christian Bale ya yi kyau idan ya fito a Bruce Wayne, wato Batman ba tare da abin rufe fuska ba, amma da ya sa abin rufe fuska sai muryar ta koma gurnani, har a wuraren da ake buƙatar a ji kowace kalma. Faɗan hannu kuma an yayyanka hotonsa a cikin duhu, wani lokaci ba ka gane wa ya naushi wa.

Ƙarshen fim ɗin yana karo da kansa. A zancen jiragen fito, an bai wa talakawa da fursunoni damar su tarwatsa juna don su tsira, duka suka ƙi, wato mutanen gari sun ƙaryata Joker. Mintuna kaɗan bayan haka sai Batman da Gordon, shugaban 'yan sandan garin, suka yanke shawarar ɓoye musu laifukan Dent, wai ba za su iya ɗaukar gaskiya ba. Mutanen da suka ƙi kashe juna da bam a hannunsu, su ne za a ce gaskiya ta fi ƙarfinsu? Kiɗan Hans Zimmer da James Newton Howard yana ɗaga wurin har ka ji tsigar jikinka ta tashi, amma hujjar ba ta zauna ba. Nolan da kansa ya dawo kan wannan ƙarya a fim ɗinsa na Batman na uku da ya fito a 2012, inda ta tonu ta zama masifa ga garin.

Hukuncina shi ne fim ɗin ya cancanci mafi yawan yabon da yake samu, saboda Ledger da ingancin ɗaukarsa da ƙarfin halin yin tambayoyi masu wuya, amma rubutunsa bai kai wasan ƙarfi ba, musamman daga fashewar asibiti zuwa ƙarshe. Idan za ka sake kallo, ka sa rubutun fassara a ƙasan allo, don yawancin bayanin makircin a baki ake yin sa cikin sauri. Kuma kada ka zaunar da ƙananan yara gabansa don ka ga sunan Batman. Jini kaɗan ne a ciki, amma firgicin ya fi ƙarfinsu.