Amsa: Tafiyar rukuni ta mota daga Nairobi zuwa Cape Town

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tafiyar nan ta babbar mota cikin rukuni ta cancanci wahalarta, da kuma yadda za ka shiga ƙauyukan da ake tsayawa. Ta cancanta, amma ka shirya. Hanyar takan ratsa Tanzaniya, Malawi, Zambiya, Botswana da Namibiya, makonni ana tafiya. A tanti za ka kwana, girki da wanke-wanke kuma bi da bi ake yi. Kada ka manta da katin rigakafin cutar shawara da maganin zazzaɓin cizon sauro.

Maganar ƙauye ce ta fi damuna. Wasu ƙauyukan Masai (ƙabilar makiyaya ta Kenya da Tanzaniya) da ake kai baƙi sai ka biya kuɗin shiga, ba laifi, amma ka tambayi jagora hannun wa kuɗin ke shiga. Idan kun isa, ku fara gaida dattawa. Kada ka ɗaga kyamara kan kowa sai ya yarda, gidansu ka shigo. Raba wa yara alewa da kuɗi bara yake koya musu, abin yana ɓata min rai ƙwarai. In kana da abin bayarwa, miƙa wa malamin makaranta, ko ka sayi abin hannu wurin matan da suka yi shi.